Me ya sa majami'u a Amurka ke kai yara maza kwana a daji?

A yammacin ranar Juma'a, musamman tsakanin watan Afrilu da na Oktoba, ba abin mamaki ba ne a ga motoci sun yi layi a harabar wata majami'a a Amurka, ana loda musu tantuna da tukwane da sandunan fatsa, an kuma ɗaure ƙananan kwale-kwale a saman rufinsu.

Masu wannan kaya yara maza ne 'yan ƙungiyar majami'ar, waɗanda galibi shekarunsu ke kamawa daga 11 zuwa 17, tare da wasu iyaye maza da ke yi musu jagora. Za su yi kwana biyu a bakin wani tafki ko kogi, su yi tattaki a cikin daji, su tuƙa kwale-kwale, su kama kifi, kana su koma gida ranar Lahadi.

Wanda ya tashi a karkara, inda yaro kan bi shanu ko ya kwana a gona tun yana ƙarami, zai yi mamakin abin da zai sa mutum ya bar ɗaki mai lantarki da ruwan famfo, ya biya kuɗi domin ya je ya kwanta a ƙasa.

To amma majami'un na ɗaukar wannan tafiya a matsayin makarantar tarbiyya. Al'ada ce da ta kai kimanin shekaru 140, wadda ta horar da miliyoyin yara, ta kuma taɓa cin rayukan wasu a lokutan da manya suka yi sakaci.

Inda abin ya samo asali

A ranar 4 ga watan Oktoban 1883 ne William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Glasgow na yankin Skotland. Smith malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa a rundunar sojojin sa kai.

Ya lura cewa yana iya sarrafa ƙarti masu yawa a filin fareti ranar Asabar, amma 'yan samari ƙalilan su gagare shi a aji ranar Lahadi. Don haka sai ya haɗa karatun Littafi Mai Tsarki da fareti da ɗamara.

A shekarar 1886 ya ƙara wani abu da ba a saba gani ba a lokacin, inda ya kwashi yaran zuwa ƙauyen Tighnabruaich da ke gaɓar teku a yammacin Skotland, suka yada zango nesa da iyayensu. A wancan zamani kwanan waje sha'ani ne na sojoji da marasa galihu, saboda haka iyaye da dama ba su saki jiki da shirin ba.

Wannan ƙungiya ce ta zaburar da Robert Baden-Powell, hafsan sojan Birtaniya da ya yi suna a yaƙin Afirka ta Kudu. Bayan da ya halarci wani faretin ƙungiyar a Glasgow a 1904, Smith ya ba shi shawarar ya sake rubuta littafinsa na horar da sojoji 'yan leƙen asiri ta yadda zai dace da yara.

A watan Agustan 1907 Baden-Powell ya gwada dabarunsa a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, tare da yara kimanin 20 da ya kasa gida huɗu. Kusan rabinsu 'yan Boys' Brigade ne daga garuruwan Poole da Bournemouth. Daga wannan zango ne ƙungiyar 'yan sikawut ta duniya ta tsiro.

Ita kuwa Boys' Brigade ta isa birnin Legas a 1908, kuma har yanzu tana da ƙarfi a majami'un Najeriya, ciki har da na arewacin ƙasar, inda aka san 'ya'yanta da ganguna da faretin ranakun bukukuwa.

Rabuwar kai a Amurka

An kafa ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka, Boy Scouts of America, a 1910, kuma shekara da shekaru majami'u ne ƙashin bayanta. A farkon wannan ƙarni, kimanin kashi 70 cikin ɗari na rassanta suna ƙarƙashin kulawar cibiyoyin addini ne.

Duk da haka wasu ɗariƙun Kirista sun daɗe da kafa nasu na kansu. Akwai Christian Service Brigade da aka fara a 1937, da Calvinist Cadet Corps ta 1952, da kuma Royal Rangers wadda majami'ar Assemblies of God ta ƙaddamar a 1962.

Babbar ɓaraka ta auku ne a watan Mayun 2013, lokacin da wakilan ƙungiyar ta 'yan sikawut suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da karɓar yaran da suka bayyana cewa suna sha'awar jinsinsu. Wasu iyaye da shugabannin majami'u masu ra'ayin riƙau sun ce matakin ya saɓa wa aƙidarsu.

A watan Satumban wannan shekara suka yi taro a birnin Nashville na jihar Tennessee, inda suka ba da sanarwar kafa Trail Life USA. Ƙungiyar ta fara aiki ranar 1 ga watan Janairun 2014, kuma hedkwatarta na jihar South Carolina.

Tsarinta ya yi kama da na 'yan sikawut, da ɗamara da bajo-bajo da matakan girma. Bambancin shi ne kowane reshe yana ƙarƙashin wata majami'a ne ko cibiyar Kirista, kuma tilas ne duk babban da zai yi jagoranci ya sa hannu a kan takardar amincewa da aƙidar Kirista. Yara kuwa ana karɓarsu ko da wane addini suke bi, amma maza zalla.

A halin yanzu tana da rassa fiye da dubu ɗaya da kuma dubun-dubatar mambobi. Ita kuma tsohuwar ƙungiyar, wadda ta buɗe wa 'yan mata ƙofa a 2018 da 2019, ta sauya suna zuwa Scouting America a watan Fabrairun 2025.

Yara ne ke riƙe da ragama

Ko da wace ƙungiya ce, tsarin zangon kusan iri ɗaya ne, kuma ya samo tushe ne daga abin da aka gwada a Brownsea.

Akan kasa yaran zuwa ƙananan rukuni na mutum shida zuwa takwas, kowanne da shugabansa daga cikinsu. Tun kafin a bar gida su ne za su tsara abin da za a ci, su yi lissafin cefane, su raba aikin girki da wanke-wanke da ɗebo ruwa.

Idan aka isa, sau da yawa duhu ya riga ya yi, don haka da hasken tocila ake kafa tantuna. Ana sa ran manya su ja gefe su zuba ido. In rukuni ya mance da gishiri, zai ci abinci lami, in kuma bai ɗaure tantinsa da kyau ba, ruwan sama zai koya masa darasi kafin gari ya waye.

Masu wannan ra'ayi na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙaramin kuskure da yaro ya ɗanɗana sakamakonsa da kansa ya fi doguwar nasiha zama a zuciya. Aikin babba shi ne ya rarrabe kuskuren da zai bari ya faru da wanda bai kamata ya bari ba ko kaɗan.

Tattaki

Da safiyar Asabar akan fita tattaki, wanda ga masu matsakaitan shekaru kan kai kilomita 8 zuwa 15. Kowane yaro na goye da jakarsa mai ɗauke da ruwan sha da guzuri da rigar ruwan sama da usur da kayan agajin gaggawa.

Ana koya musu karanta taswira da amfani da na'urar nuna alƙibla, domin a dazuzzuka da dama wayar salula ba ta da sabis. Wasu rassan ma sukan karɓe wayoyin tun a harabar majami'a.

Doka ta farko ita ce ba wanda zai yi tafiya shi kaɗai. Kowane yaro yana da abokin da zai san inda yake a kowane lokaci, kuma saurin ayarin ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa rauni. Wanda ya ɓata an umurce shi da ya tsaya wuri ɗaya ya busa usur sau uku, maimakon ya yi ta yawo yana ƙara nisa.

Akwai kuma ƙa'idar nan ta kada a bar wata alama a daji, wadda hukumomin gandun daji na Amurka ke yayatawa. Ana kafa tanti aƙalla mita 60 daga bakin ruwa, ana binne bayan gida a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, kana duk wata shara da aka tara a koma da ita gari.

A gabashin ƙasar, abin da ya fi damun jagorori ba manyan namun daji ba ne, illa kaska, wadda cizonta ke yaɗa cutar Lyme. Saboda haka da yamma akan sa kowa ya duba jikinsa.

Kwale-kwale

Da rana akan shiga ruwa da kayak, wani siririn kwale-kwale da mutum ɗaya ko biyu ke zama a cikinsa ƙafafu a miƙe, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu.

Al'ummomin Inuit da Yupik da Aleut na yankin ƙanƙara da ke ƙuryar arewacin duniya ne suka ƙirƙiro shi dubban shekaru da suka wuce. Suna shimfiɗa fatar dabbobin ruwa ne a kan ƙirar itace ko ƙashi, su fita farauta da shi. Na yanzu yawanci da roba mai tauri ake yin su.

Wanda ya mayar da shi abin shaƙatawa a Turai kuwa shi ne John MacGregor, wani lauya ɗan asalin Skotland kuma mai kishin addinin Kirista, wanda ya yi aiki da makarantun yara marasa galihu a birnin London. A 1865 ya zaga kogunan Turai da kwale-kwalensa mai suna Rob Roy, bayan 'yan shekaru kuma ya shiga kogunan Nilu da Urdun. Littattafan da ya rubuta a kan tafiye-tafiyen sun ja hankalin jama'a sosai.

Kafin yaro ya hau kayak, akan gwada iyonsa, a kuma koya masa yadda zai fito idan kwale-kwalen ya kife, da yadda zai riƙe shi maimakon ya nufi gaɓa. Babba ɗaya kan kasance a gaba, wani a baya, ba kuma a yarda wani ya wuce na gaban ba.

Dokar tarayyar Amurka ta tilasta wa yara 'yan ƙasa da shekara 13 sanya rigar kariya daga nutsewa a cikin jirgin ruwan da ke tafiya, sai dai idan jiha tana da tata dokar. Ƙungiyoyin yaran sun zarce haka, domin suna buƙatar kowa ya sa, babba da yaro.

Alƙaluman rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka na nuna cewa a kusan kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen ruwa na shaƙatawa ba su sanye da wannan riga.

Haka kuma da zarar an ji tsawa, kowa zai fito daga ruwa, ba za a koma ba sai bayan minti 30 da jin ta ƙarshe.

Kamun kifi da ibada

Da la'asar sakaliya ko da asuba ne ake jefa fatsa. Yaro zai koyi ɗaura ƙugiya, ya soka tana, ya jefa, sa'an nan ya zauna jira. Kifayen da aka fi samu a tafkunan kudanci da tsakiyar ƙasar sun haɗa da bass da bluegill da wani dangin tarwaɗa.

Kamun kifi a Amurka abu ne mai doka. A yawancin jihohi babba na buƙatar lasisi, yayin da ake ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko makamancin haka. An kuma ƙayyade yawan kifin da mutum zai ɗauka a rana da girmansa, wanda bai kai ba sai a mayar da shi ruwa. Kuɗin lasisin, da harajin da wata dokar 1950 ta ɗora a kan kayan kamun kifi, da su ake kula da tafkuna da koguna.

Wanda ya kama abin da ya isa ci, shi zai fafe shi ya soya. Ga yaran birni da dama, wannan ne karo na farko da suke ganin yadda nama ke zuwa cikin kwano.

A nan ne kuma addini ke shigowa kai tsaye. Da dare akan zagaye wuta, limamin reshen ko wani uba ya karanta wani sashe na Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a da waƙoƙin yabo. Sau da yawa akan tuna wa yaran cewa huɗu daga cikin almajiran Yesu Almasihu, wato Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yohanna, masunta ne a Tekun Galili. Da safiyar Lahadi akan yi sujada a fili kafin a naɗe kaya.

Darussa masu ɗaci

Akasarin waɗannan dokoki ba a zaune aka ƙirƙire su ba, bayan asarar rayuka ne aka rubuta su.

A ranar 11 ga watan Yunin 1978, yara 27 da manya huɗu daga makarantar St. John's ta jihar Ontario a Kanada, wata makarantar maza mai bin tafarkin Anglika, suka shiga tafkin Timiskaming cikin dogayen kwale-kwale huɗu. Makarantar ta yi suna wajen horar da yara ta hanyar wahala.

Iska ta taso, kwale-kwalen suka kife ɗaya bayan ɗaya. Yara 12 da malami ɗaya suka rasu. Suna sanye da rigunan kariya, amma sanyin ruwan ne ya kashe su, kasancewar ruwa na zuƙe ɗumin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25.

Jami'in da ya binciki lamarin bai sami kowa da aikata babban laifi ba, sai dai ya soki rashin shirin ko-ta-kwana, ya kuma bayyana tafiyar a matsayin gwajin jarunta da ya wuce kima ba tare da wata fa'ida ba.

A watan Maris na 1993 kuma, ɗalibai huɗu daga birnin Plymouth suka mutu a mashigin tekun Lyme da ke kudancin Ingila, bayan da igiyar ruwa ta ja kayak ɗinsu zuwa cikin teku. An ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, kana a 1995 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni.

Na baya-bayan nan shi ne na ranar 4 ga watan Yulin 2025, lokacin da kogin Guadalupe a jihar Texas ya cika ya batse cikin dare, inda ya tashi da kimanin mita takwas a ƙasa da sa'a guda. 'Yan mata da masu kula da su 27 ne suka rasu a Camp Mystic, wani sansanin 'yan mata Kirista da ke bakin kogin. Bayan watanni biyu jihar ta kafa sababbin dokoki a kan gina ɗakunan kwana a hanyar ambaliya da kuma shirin kwashe yara.

Haɗarin da ba na daji ba

Akwai kuma wani haɗarin da ya fi ruwa da tsawa yi wa yara illa, wanda ya fito daga cikin manyan da aka ba amana.

A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar Boy Scouts of America ta nemi kariyar kotu a matsayin wadda ta karye, sakamakon ƙararrakin lalata da yara. Mutane fiye da 82,000 ne suka gabatar da ƙorafi, yawancinsu a kan abubuwan da suka faru shekaru da dama da suka gabata. An kafa asusun biyan diyya na kimanin dala biliyan 2.4.

Wannan ya sa a yau ƙungiyoyin yara, na addini da waɗanda ba na addini ba, suka ɗauki tsauraran matakai. Ana binciken tarihin duk wanda zai yi jagoranci, ana ba shi horo, dole ne a sami aƙalla manya biyu a kowace fita, kuma an haramta wa babba keɓewa da yaron da ba ɗansa ba, balle kwana a tanti ɗaya.

Masu fafutukar kare yara na gargaɗin cewa kasancewar mutum ɗan majami'a ba hujja ba ce ta sassauta masa waɗannan dokoki, domin yarda ce ke buɗe wa mugu ƙofa.

Muhawara

Magoya bayan ƙungiyoyin na kafa hujja da halin da yara maza ke ciki. Wani bincike da cibiyar Common Sense Media ta yi a 2021 ya gano cewa matasan Amurka 'yan shekara 13 zuwa 18 na shafe fiye da sa'o'i takwas da rabi a kullum suna kallon waya ko talabijin ko kwamfuta domin nishaɗi.

Tun a 2005 marubuci Richard Louv ya ja hankali a littafinsa Last Child in the Woods a kan yadda yara suka yi nisa da daji, yayin da a 2022 masani Richard Reeves ya nuna a littafinsa Of Boys and Men yadda maza ke komawa baya a makarantu. A ganin majami'un, kwana biyu ba waya, tare da maza dattawa abin koyi, wani ɓangare ne na maganin.

Masu suka kuwa na cewa ware yara bisa aƙida da jinsi na rage musu damar cuɗanya da waɗanda suka bambanta da su, kuma yaron da bai dace da siffar namijin da ƙungiyar ke so ba zai iya jin an mayar da shi saniyar ware. Wasu kuma na nuni da tsadar ɗamara da kayan zango, wadda kan hana 'ya'yan talakawa shiga, ko da yake rassa da dama na ba da aron kaya.

Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kansa ba shi ne cewa tafiyar na da amfani ne kawai idan wahalar da ke cikinta ta yi daidai da ƙarfin yaro, kuma manya sun riga sun duba hasashen yanayi da sanyin ruwa da hanyar zuwa asibiti mafi kusa.

Da hantsin Lahadi, bayan an naɗe tantuna an kashe wuta da ruwa har toka ta huce, yaran kan yi sahu ɗaya su ratsa filin suna tsince duk wata 'yar takarda da ta faɗi. Daga nan jagora zai kira suna ɗaya bayan ɗaya, kuma ba motar da za ta tashi sai adadin ya yi daidai da na ranar Juma'a.